Ga mai ɗan'uwa a Aljeriya: yadda za ku bi sawun gobarar daji

Salamu alaikum jama'a. Na ga hankalin Hajiyarmu ya tashi saboda ɗanta da ke aikin gini a garuruwan kan duwatsun Tizi Ouzou, ga wuta na cin dajin da ke kusa. Dole ta damu, a watan Agustan 2021 gobarar yankin ta ci rayuka da dama, har da sojoji.

Ku daina dogaro da bidiyon WhatsApp, wani tsoho ne ake sake turowa. Ku buɗe FIRMS a intanet, taswirar gobara ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta ce. Jajayen ɗigo da za ku gani, nan ne tauraron ɗan Adam ya ji zafin wuta. Amma hoton yakan makara da kamar awa 3, kuma hayaƙi mai kauri ko gajimare na ɓoye ta. Rashin ɗigo bai nufin ta mutu.

Abin da ya fi ɗigon muhimmanci shi ne iska. Ku duba Windy, manhajar da ke nuna yanayin iska, ku ga ina ta dosa. Wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, don haka wanda ke sama da ita ya fi shiga haɗari. Hajiya, ki ce masa ya cika caji, ya sa takardunsa cikin leda, in an ce a tashi ya tashi, kar ya tsaya kwasar kaya. Lambar ƴan kwana-kwana a can 14 ce.

Mu ma nan Maraɗi taswirar na da amfani, da kaka in ciyawa ta bushe wajen Dakoro da Bermo.