Yadda Nake Ɗaukar Hoton Mutum a Bakin Sana'arsa

Ranar farko bar kyamara a jaka. Ni in zan ɗauki wani a kasuwar Farin Gada da ke Jos, sai na yi kwana biyu ko uku ina zuwa rumfarsa, mu gaisa, in sayi kabeji, ya san sunana da unguwarmu. Ranar da zan ce, "Baba, ina son hotonka," ya riga ya tabbata ni ba ɗan haraji ba ne. Gaya masa inda hoton zai je, Facebook ne ko baje koli. In ya ce a'a, an gama magana.

Ga inda aikin yake. Mutuminmu da ya ga kyamara sai ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaure fuska kamar za a yi masa fasfo. Kada ka ce ya yi murmushi. Ɗauki wannan ɗin, haƙƙinsa ne, shi ne ma wanda zai so. Sannan ka tambaye shi nawa buhun dankali bana. Yana fara lissafi za ka ga kafaɗa ta sauka, hannu ya koma kan kaya. To, danna.

Haske kuwa, tsakanin bakwai da tara na safe. Da rana tsaka sai kwarmin ido ya yi baƙi ƙirin. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi a Jos, ni alheri ne a wurina, don yana kashe kaifin rana. Tsayar da shi a bakin rumfa, haske na zuwa ta gefe, amma ka kula da shuɗin tamfol, yana rina fuska. Gilashin kyamara (lens) mai 50mm nake sawa, in saita kan idon da ya fi kusa da ni. Waya ma tana yi, sai dai kada ka matsa sosai, hanci ne zai kumbura.

Kuma riƙe abu guda. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000, da yawa daga ƙeya, kafin rasuwarsa a 2014. Kitso kawai! Mu kuwa yau biki, gobe faɗuwar rana.

Rubuta sunan mutum da kwanan wata nan take. Akwai hoton wani dattijo mai wankin kuza da na fi so a duk aikina, ban rubuta komai ba, na ce ai zan tuna. Da na koma da shi a wanke, masu aiki a wurin suka yi ta jujjuya shi, kowa na cewa kamar ya san fuskar. Yana nan a akwatina.