Kurakuran da masu mayar da tsohuwar motar fetur ta lantarki suke ta maimaitawa

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta tsallake dubu, da wuya mako ya wuce wani bai turo min hoton tsohuwar Golf ko Starlet ɗinsa ba yana tambayar nawa zai kashe ya cire injin ta koma lantarki. Abin yana yiwuwa, ba tatsuniya ba ce, Mustapha Gajibo ya yi a Maiduguri da ƙananan bas har suka ɗauki fasinja. Amma wallahi na gaji da ganin mutane suna faɗawa rami ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Babban kuskure, wanda ya fi cin kuɗin jama'a, shi ne mutum ya fara da sayen moto, wato injin lantarkin da zai ja motar, ya bar maganar batir sai daga baya. Kowa moto yake tambaya, kilowat nawa, gudun nawa zai yi, alhali a wannan aikin batir ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin, shi ne kuma zai ce maka ga inda za ka je ga inda ba za ka je ba. To sai mutum ya kashe rabin jarinsa a moto da kwanturola, na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moton, in ya zo kan batir aljihu ya yi sanyi, sai ya ce bari in lallaɓa da batiran sola irin na gida, masu ruwan nan ko busassu, kafin Allah ya hore. Ni ma haka na yi a motata ta farko kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na jera batir takwas masu 12V 100Ah don in samu 96V, kowanne kusan kilo 30, ka ga kilo 240 ke nan na ɗora wa ƙaramar mota kafin ko mutum ɗaya ya shiga. A takarda wutar da za su riƙe 9.6kWh ce. A titi kuwa irin wannan batirin rabinsa kawai ake iya sha in ana so ya yi kwana, kuma in ka ja wuta da ƙarfi kamar yadda moto ke ja lokacin tashi, abin da zai ba ka ya ƙara raguwa. Bayan motar ya zauna, shokazoba ta mutu, ina zagaya cikin gari ina kallon mita gabana na faɗuwa, kuma kafin shekara ta zagayo batiran sun kumbura na sayar da su a kilo wa masu gwangwan. Kuɗin da na zuba a ciki da na haƙura na ƙara tarawa da ya kai ni rabin hanyar lithium.

Yadda nake yi yanzu, kafin in taɓa sifana sai na zauna da biro da takarda. Ƙaramar mota tana cin tsakanin 150 zuwa 200Wh a kowace kilomita, ya danganta da nauyi da gudu da yanayin hanya. In zirga-zirgarka a rana kilomita 80 ce, kana buƙatar kamar 12 zuwa 16kWh, sai ka ƙara wani abu a kai don ba a son a dinga tatse batir har ƙasa. Ni LiFePO4 nake sawa, wani nau'in batirin lithium, kowane sel, wato ƙwaya ɗaya, 3.2V, guda 30 a jere su ba ka 96V, in ka samu masu 280Ah ɗin nan da kowanne bai kai kilo 6 ba ka tashi da kusan 27kWh a nauyin da bai kai na batiran sola takwas ɗin da na faɗa ba. Wasu sun fi son batirin tsohuwar Nissan Leaf saboda ya fi sauƙin nauyi kuma ana samunsa a motocin da suka yi hatsari, ban ce haramun ba ne, amma batirin Leaf na farko mai 24kWh ba shi da tsarin sanyaya na ruwa, tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suke kukan zafi yana cinye musu shi da wuri. To mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri fa? LiFePO4 ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Abu ɗaya dai, ka duba ƙarfin wutar da sel ɗin zai iya fitarwa a lokaci guda, don yawancin na sola an yi su ne su fitar a hankali, mai 280Ah kamar 280A zai iya jurewa a kai a kai, in kwanturolarka tana neman ninkin haka za ka gasa su.

Kuma don Allah kar ka sayi sel na hannu ba ka gwada ba. Mai kaya zai rantse maka sababbi ne fil, sitika tana ƙyalli. Ka caja kowanne ya cika, ka sauke shi da na'urar gwaji, ka rubuta abin da ya bayar a jikinsa da maka. Aiki ne mai cin rai amma sel ɗaya rago a cikin 30 shi zai dinga tsayar da motar gaba ɗaya.

Sai BMS, ƴar na'urar da ke lura da kowane sel kar ya wuce 3.65V wajen caji ko ya faɗi ƙasa da 2.5V. Nan ne nake faɗa da masu wayarin. Mota ta yanke wuta a hanya, a kai wa mai wayarin, ya duba ya ce ai wannan ƴar akwatin ce ke damun ka oga, ya ɗauko waya ya tsallake ta, mota ta tashi kowa ya yi murna. Haba malam! Ita fa ta yanke ne don ta ga abin da kai ba ka gani ba. Wani yaro da muke mutunci da mahaifinsa haka aka yi masa da batiran laftof da ya tara ya haɗa, ya sa caji cikin dare a garejin gida, Allah ya taimaka ƙanwarsa ta ji ƙauri ta ta da mutane, motar dai ba a fitar da komai ba sai ƙarfe. Wutar lithium ba irin wadda za ka watsa wa bokiti ɗaya ta mutu ba ce, tana iya lafawa ta sake tashi. In BMS ta yanke, nemo dalilin. In ta yi ƙarama ga motonka, sayi babba ko ka sa ta dinga sarrafa kwantakta, babban suwic ɗin da ke haɗa wutar batir ko yanke ta, amma kar a tsallake ta ko da na gwajin minti biyar ne.

Na biyu da nake so a ji da kyau shi ne birki. Mutane da yawa ba su san cewa laushin birkin motar fetur daga injin yake zuwa ba. Wannan baƙin faifan da ke bayan masta, wato famfon man birki, injin ne ke zuƙe iskar cikinsa ta wata roba, shi ya sa in ka taka kaɗan motar ke tsayawa. Ranar da ka cire inji ka cire wannan taimakon. Kuma abin da ke yaudarar mutane, in ana gwaji a cikin gareji a hankali birkin yana kamawa, sai an hau titi da nauyin batir a baya, ɗan adaidaita ya yanko gabanka, ka taka ka ji feda ta ƙame kamar dutse. Na ga wanda ya shiga bayan tifa a haka, Allah ya sa ba gudu yake ba, amma gaban motar da moton da ya sha wahalar ɗaurawa duk suka tafi. Maganin ba tsada, famfon zuƙe iska na 12V ne da ƴar tanki ta ajiya da suwic mai kunna shi in iskar ta ragu, ana samun na tsofaffin motocin Turai a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna in ka san abin da kake nema. Ni ba na barin mota ta fita ƙofar gareji sai na kashe famfon na taka birki na ga tankin yana ba ni aƙalla taku uku masu laushi. In kuma motar ta ƙara nauyi sosai, canza fad da duba diski ba zaɓi ba ne.

Sitiyari ma haka, in mai fawa ne bel ɗin inji ke juya famfonsa, sai ka nemo na lantarki ko ka zaɓi motar da dama ba ta da shi. Na'urar sanyi ita ma ta tafi da inji, kuma in ka mayar da ita da kwamfireso na lantarki a cikin batirinka za ta ci.

Yanzu bari in yi faɗan da na daɗe ina son yi. Masu cewa a ɗaura altanato a taya ko a sa fanka a saman mota tana tafiya tana caja kanta ba sai an nemi wuta ba, ku ji tsoron Allah ku daina ɓata wa mutane kuɗi. Ƙarfin da zai juya altanaton daga ina zai fito? Daga moto. Moton daga ina yake sha? Daga batirin da kake son cajawa. Kuma a kowane mataki wani abu yana salwanta ya zama zafi, wato kana ɗiban ruwa a randa da ƙoƙo mai yoyo kana mayarwa cikin randar kana jiran ta cika. Abin da yake gaskiya shi ne wutar da moto ke mayarwa lokacin da ka saki totur ko kake gangara, moton AC da kwanturola mai kyau suna yin wannan, amma ɗan kaso ne na abin da ka riga ka kashe. Sola a rufin mota ma kar a zuzuta, faranti ɗaya mai 400W in rana ta yi kyau bai fi ya tara maka 2kWh a wuni ba, kilomita goma ko sama kaɗan. In kana da kuɗin sola, shimfiɗa ta a rufin gida ko shago da yawa ka dinga caji a can.

Wanda ya kawo mu maganar caji, ita ma ba a tunaninta sai mota ta gama haɗuwa. Soket na gida mai 13A bai wuce ya ba ka 3kW ba, batir mai 27kWh zai kwana yana sha, awa tara ko fiye, to unguwarku ana samun wuta ta kai haka a jere? In amsar ita ce sai dai ka tayar da janareto, ka koma gidan jiya, fetur ɗin dai za ka saya. Kuma a ja wa caja layinta daban da waya mai kauri da at, wato wayar ƙasa, mai kyau, kar a soka ta a ekstenshan ɗin da firji yake kai.

Ƙanana kuma da sauri. Kar ka zaɓi mota mai giya otomatik, tana buƙatar inji yana juyawa ko a tsaye take, mai giyar hannu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, yawanci a giya biyu da uku za ka wuni. Kar ka ɗauki motar da tsatsa ta cinye ƙasanta don ka same ta da araha. Kar ka ɗauki ƙatuwar jif a aikinka na farko. Farantin da ke haɗa moto da giya a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su auna su yanka, mai walda ya yi da ido ba ya yi, in ya kauce ko da kaɗan ne za ka ji motar tana kakkarwa kuma boris zai mutu cikin ƴan makonni. Batirin 12V yana nan don fitila da hon da waifa, tunda altanato ya tafi sai ka sa DC-DC, na'urar da ke rage wutar babban batir zuwa 12V, ya dinga caja shi, kar ka saci 12V daga tsakiyar babban batir don za ka karkatar da sel ɗin. Fis da bireka su zama na DC masu ƙarfin da ya dace, na wutar gida ba sa iya kashe tartsatsin DC. A sa rasisto mai cika kwanturola a hankali kafin kwantakta ta rufe, in ba haka ba wata rana bakinta zai narke ya manne mota ta ƙi mutuwa.

Wutar kanta kuma a girmama ta. Mun saba da 12V da ake taɓawa da hannu, amma DC in ta haura 60V ta shiga sahun masu illa, 96V ko 144V ba wasa ba ne, na Leaf kuwa ya kusa 400V. Cire zobe da agogo, naɗe sifanarka da tef, sa safar hannu ta masu aikin wuta, manyan wayoyi su zama ruwan lemo don duk wanda ya buɗe bonet ya gane, kar a haɗa babban batir da jikin mota kamar yadda ake yi wa na 12V, kuma a sa makashi babba inda hannun direba zai kai. Yaran gareji masu koyon aiki a ja musu kunne sosai, su ne suka fi saurin kai hannu.

Akwatin batir a yi shi da ƙarfe a ɗaure shi da shasi da kusoshi, a raba nauyin gaba da baya, a rufe shi yadda ƙurar hunturu da ruwan damina ba za su shiga ba amma zafi yana da hanyar fita. Na sha ganin an jibge sel a but an tokare da katako da tsumma.

Takardu kuma ka je ofishin VIO na jiharku ka yi tambaya tun kafin ka sauke inji, tunda lambar injin tana cikin takardun motar, ka kuma ajiye rasit na moto da batir. Sannan ka yi lissafin gaba ɗaya da farashin yau, don sau da yawa kuɗin aikin ya fi kuɗin motar kanta, kuma in kai mai doguwar tafiya ne kullum kana Kano zuwa Kaduna sama da kilomita 200, ni shawarar da nake ba irinku ita ce ku fara duba mayar da ita ta gas ɗin CNG. Lantarki ya fi dacewa da mai zagayen cikin gari, ɗan kasuwa ko malamin makaranta ko mai kai yara, wanda ya san iyakar tafiyarsa a rana kuma yana da inda zai sa caji da dare.