Yadda za ka hau keke cikin duwatsun Damagaram

1. Kafin komai, matsa birki, gaba da baya. In bai kama ba, kada ka fita.

2. Rage iskar tayoyi kaɗan, sun fi riƙe rairayi da tsakuwa. Ɗauki famfo da kayan faci, don tsidau ba ya barin kowa.

3. Sa hular kwano, ɗauki ruwa lita 2, ka fita bayan sallar asuba.

4. A gangare, ɗaga daga sirdi, ka ja jikinka baya. Birki a hankali. In ka danne na gaba shi kaɗai, sai ka ji ka a ƙasa.

5. Bakin tafki da damina laka ce mai santsi. Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.