Yadda nake bin diddigin labarin sabon maganin fuka

Ƙanwata na fama da fuka tun tana 'yar shekara tara. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, cikin dare sai ka ji ƙirjinta na shewa tun daga ƙofar ɗaki. Shi ya sa duk labarin sabon maganin asma da ya faɗo wayata ba na barinsa ya wuce, kuma ba na tura mata sai na tantance.

Fara da tambayar nan: a jikin wa aka gwada shi? A 2016 masu bincike a Jami'ar James Cook da ke Ostireliya sun fitar da sakamako kan wani furotin mai suna AIP-2. Tsutsar ciki mai tsotsar jini ce ke fitar da shi, don ta kwantar da garkuwar jikin wanda ta shiga, kada a kore ta. Fukar da ƙura ko gashin kyanwa ke tayarwa kuwa garkuwar jiki ce ta wuce gona da iri, tana yaƙar abin da ba ya cutarwa. Da aka ba ɓeraye masu asma furotin ɗin, kumburin hanyoyin numfashinsu ya ragu. Na yi murna ƙwarai ranar da na karanta. Amma ɓeraye ne. Kafin magani ya iso hannun marar lafiya sai ya bi matakai uku a jikin mutane, daga 'yan ƙalilan har ɗaruruwa ko dubbai, abin da ke cin shekaru. A 2006 a Landan an yi wa mutum shida allurar TGN1412, furotin da aka ƙera don ya daidaita garkuwar jiki, wanda birai suka ɗauka lafiya lau. Dukansu shida suka ƙare a sashen kula da masu tsananin ciwo.

Don Allah kada wani ya ji wannan ya ce ashe tsutsa magani ce. Ta fatar ƙafa take shiga, ta manne a hanji tana shan jini har yaro ya ɗashe.

Daga nan ka raba na gwaji da wanda hukuma ta amince da shi. Omalizumab ya samu izini a Amurka a 2003, mepolizumab a 2015, tezepelumab a 2021. Allurai ne masu tsadar gaske, na wanda fukarsa ta ƙi jin maganin shaƙa, kuma ƙari ake yi da su a kan abin shaƙar, ba a ajiye shi.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne shirin ganin likita. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta dararen da tari ya tashe ka, da sau nawa ka ɗauki shuɗin abin shaƙa, wato mai buɗe numfashi cikin gaggawa, a mako. Ka tafi da duk abin shaƙarka, ka yi amfani da shi a gabansa. Mu haka aka yi mana da na kai ƙanwata. Likita ya ce, "Malama, nuna min yadda kike yi." Ta fesa, nan take ta saki numfashi, muna kallon maganin na fita ta bakinta. Shekaru tana haka. Ya koya mata ta girgiza shi, ta fitar da iska tukuna, ta ja a hankali, ta riƙe kamar daƙiƙa 10, sannan ta kurkure baki in mai hana kumburi ta shaƙa. Hunturun bana sau biyu kacal ta tashe mu.

In duk da haka abin bai lafa ba, sai ka tambaya ko za a auna maka IgE, wani furotin na garkuwar jiki da ke cikin jini, da ƙwayoyin jinin da ake kira iyosinofil, domin da su ake gane allurar da ta dace da kai. Ka roƙi a duba bayan gida ma. Tsutsar ciki na ɗaga adadin ƙwayoyin nan, kuma ƙa'idar mepolizumab ita ce a kashe tsutsar kafin a fara allurar.