Yadda Na Gyara Ƙullun Masa da Ya Daina Tashi

A hunturun da ya wuce, nan Argungu, ƙullun masata ya daina tashi, alhali ban sauya shinkafar tuwon da nake jiƙawa ba. Na saba zuba ragowar tsohon ƙullu a sabo maimakon sayen yis kullum, amma sai masar ta riƙa fitowa da nauyi, ga tsami mai kama harshe, abin da ya dame ni ƙwarai. Da na lura, sai na gane ragowar tana kwana 3 a buɗaɗɗiyar ƙwarya, har ƙwayoyin da ke kawo tsami su rinjayi yis ɗin, sanyin dare kuma ya rage masa ƙarfi.

Yanzu ludayi ɗaya nake ɗiba kafin in sa gishiri ko kanwa, in rufe a robar da na ɗauraye da tafasasshen ruwa. Da yamma nakan ƙara masa cokali 2 na garin shinkafa, ɗan sukari da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin ruwan zafi yana kashe yis. Sai ya yi kumfa nake juye shi a sabon ƙullu, in lulluɓe tukunyar da bargo kusa da murhu. Da asuba ƙullun ya kai bakin tukunya, masar kuma tana kumbura a tanda.