Kafin ki kunna wa gida shiri mai dogon zango, dubi waɗanda ke kan tabarma

Daren wata Lahadi ne, a gidanmu da ke Tudun Wada a Gusau. An kawo wuta bayan isha'i, yara suka shimfiɗa tabarma a falo don shirin da muke bi tun zangon farko. Labarin gida ne zalla: Alhaji da matansa biyu, uwar miji mai baki, rigimar gado. Gwaggon maigidana tana wurinmu a lokacin, watanta uku da baro ƙauyensu ta wajen Ɗansadau, bayan an ɗauke ɗanta a gona, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Muna cikin dariyar uwar mijin nan sai labari ya juya. Aka nuno dare, aka ji ƙarar mashina, wasu masu rawani da bindigogi suka bugi ƙofar Alhaji. Abin bai kai minti biyu ba. Gwaggo ta ajiye kofin kununta a hankali kamar mai tsoron ya yi ƙara, ta ja mayafi ta ce, "Ku yi kallonku, ɗiyana, ni na gaji." Da asuba na same ta zaune a bakin gado, ko mayafin ba ta cire ba. Rimot kuwa a hannuna yake tun farko har ƙarshe, ban danna komai ba.

Daga ranar na sauya yadda ake kallo a gidana, kuma abin da nake yi ba shi da wuya.

Ki fara da koyon karanta alamar da masu tasha suka riga suka sa miki. A DStv da GOtv, idan kika danna maɓallin da ke da ƙaramin harafin i, bayanin shirin zai fito da lamba, wani lokaci da haruffa a gefenta. Lambar shekaru ce: 13, 16 ko 18. V na nufin duka da zubar da jini, L ashar da baƙar magana, S sha'anin kwanciya, N tsiraici. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana da nata matakan: G na kowa da kowa, PG wanda yaro zai kalla da babba a kusa, sai 12, 12A, 15 da 18. Minti ɗaya ya isa ki haddace su, ki koya wa babbar 'yarki ma.

Sai dai shekaru kawai waɗannan lambobi suke aunawa, Gwaggo kuwa ta haura sittin. Babu harafin da aka ware wa saki uku, ko ɓarin ciki, ko mace ta rasu a kan gwiwa, ko a kori marayu daga gidan ubansu, alhali da waɗannan ake gina labarin gida. Shirye-shiryenmu na Hausa da ake sakewa a YouTube kuma, mafi yawan waɗanda nake kallo ko lambar ba su da ita, daga talla sai labari. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, a watan Mayun 2025 ma ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Amma abin da ta fi sa wa ido shi ne sutura, batsa da abin da ya saɓa wa addini da al'ada. Ba ta san cewa a ɗakin baƙinki akwai matar da ta fita takaba shekaranjiya ba.

Saboda haka aikin gargaɗi ya dawo kanki, kuma sai kin riga kowa sanin abin da ke ciki. Ni a kicin nake yi. Idan sabon kashi ya fito a YouTube, nakan rage ingancin hoton zuwa 240 don kada data ta tafi a banza, in ɗora yatsa a kan jan layin nan na ƙasa in riƙa ja a hankali. Ƙananan hotuna suna fitowa, daga su nake gane inda akwai asibiti, makara, daji ko mutum ya ɗaga hannu kan matarsa. Wurin da na yi shakka in tsaya in kalla, in riƙe mintin a kai. Kashi mai tsawon awa ɗaya nakan gama da shi kafin ruwan tuwo ya tafasa. Wanda ake nunawa kai tsaye a talabijin ba ya jawuwa, to a nan tallar kashi na gaba da suke sawa a ƙarshe ita ce abin dubawa, domin wurin da ya fi zafi shi suke yankowa su ja mutane. In kuma a shagon turi aka zuba wa yara a memori, yaron shagon ya kalla, ki tambaye shi kai tsaye ko akwai harbi ko fyaɗe. Kada ki ce masa "yana da kyau?", domin duk fim mai kyau ne a wurin mai sayarwa.

Na yarda wannan yana rage mini daɗin kallo. Nakan zauna da mutane ina sane da wanda zai mutu, ina ɗaure fuska.

Yadda za ki faɗa shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Kada ki tsaya a tsakiyar falo ki ce, "Wance, ke kada ki kalli na yau, akwai ɓari." Kin tona mata ciwo a gaban yara da baƙi, kin kuma yanke mata hukunci kamar ƙaramar yarinya. Ki same ta ita kaɗai tun da la'asar, ki faɗi abin a taƙaice ba tare da kin ba da labarin ba. Ni ga abin da nake ce wa Gwaggo: "Gwaggo, na yau akwai mutanen daji wajen tsakiya, kamar minti uku. In kina so in sun zo in wuce wurin, in kuma kin fi so in kai miki shayi ɗaki." Daga nan zaɓi nata ne. Kada kuma ki ɗauka kowa gudu zai yi. Yayata da aurenta ya mutu shekara biyu da suka wuce, duk inda aka zo wurin saki ita ke matsowa gaba, tana yi wa mijin fim ɗin tatas, ta tashi da sauƙin zuciya. Da na ɓoye mata irin waɗannan wurare da na hana ta abin da take so.

Yara nasu daban ne. Na lura sauti ya fi hoto tsorata su, kiɗan nan mai bugun ƙirji da kururuwar mace, don haka idan abu ya zo ba shiri, maɓallin kashe murya nake fara dannawa kafin in nemi na sauya tasha. Kuma na daina kashe talabijin fat in ce kowa ya tashi ya kwanta. Yaron da aka kora a tsakiyar tashin hankali shi zai ƙarasa labarin a kan katifa, kuma nasa ya fi na fim muni. Gara ki ce, "Wannan wurin ba na yara ba ne, za mu tsallake, matar ba ta mutu ba, za ku gan ta an jima." Yaran Zamfara ba a yi musu ƙaryar cewa babu irin wannan a duniya. Babbar 'yata tana aji huɗu na firamare lokacin da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, ta kuma ji a rediyo da aka sako su 279. Abin da nake iya gaya mata da gaskiya shi ne wannan na allo wasa ne, mutumin da aka harba ga shi can a wani shirin yana sayar da atamfa. Nakan nemo mata shi ta gani da idonta.

Tambayar da yara za su yi kan abin da suka gani ba ta zuwa a daren. Autana sai bayan kwana biyu, ina yi masa wanka, ya ce, "Mama, in kika ƙona miya Baba zai ba ki takarda?" Na ce a'a, na ƙona sau nawa ga ni nan. Ya yi dariya, magana ta ƙare. Da na tsaya yi masa wa'azin aure da na ƙara masa wani tsoron. Wurin fyaɗe kuwa ba na bari su gani ko kaɗan, amma washegari nakan sami 'yan matan in tuna musu cewa duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba, ko ɗan gida ne, su gaya mini, ba zan doke su ba.

Sauran na'ura ce. Ki sa lambar sirri a dikoda, kuma ki sauya 1234 ɗin da DStv ke zuwa da ita, don duk yaran unguwa sun san ta. A wayar da suke ɗauka ki shiga saitin YouTube ki kunna Restricted Mode, mai ɓoye bidiyon da ba na yara ba, ko da yake ba duka yake kamawa ba, kuma ba ruwansa da abin da aka tura a memori. Ki yi hattara da fassarar Indiya: barkwancin mai fassara yana sa a manta cewa sara da suka ake nunawa. Zancen kunyar surukai idan aka zo wurin amarya da ango ba sai na koya wa kowa ba, duk mun iya tashi duba tukunyar da babu komai a cikinta.

Gwaggo tana nan wurinmu har yanzu. Ran Lahadi in ta idar da sallar isha'i takan leƙo kicin da carbi a hannu ta ce, "Ɗiyata, wanga na yau akwai mashina ciki?" In na ce babu, sai ta aiki autana ya ɗauko mata matashi, ta zauna daf da talabijin, don ta ce uwar mijin nan sak wata kishiyar innarta.