Cin abincin Asiya a Stockholm: lokacin shiga, abin tambaya da yadda ake biya

Da wuya ka yi tafiyar minti biyar a tsakiyar Stockholm, babban birnin Suwidin, ba ka wuce mai sayar da sushi (dunƙulen shinkafa da kifi na Japan) ko rumfar abincin Tailan ba. Ga na Sin, ga na Indiya, ga na Koriya da Biyetnam. Samun wurin ba ya ba kowa wahala. Baƙo yakan yi tuntuɓe ne a abu biyu: lokacin da ya shiga, domin shi ke yanke farashi, da abin da ke cikin romo da miya, wanda ido ba ya gani.

Ka mai da abincin rana babban cinka

Daga Litinin zuwa Juma'a, tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, kusan kowane gidan abinci yana kafa allo a bakin ƙofa da rubutun dagens lunch ko dagens rätt, wato abincin ranar. Kuɗinsa yakan kama daga kurona 120 zuwa 160, kuma galibi ya haɗa da ruwa, da haɗin ganye, da kofi ko shayi bayan an gama. A gidan sushi akan ƙara da ɗan kofin miyar miso, ta markaɗen waken soya. Wannan kwanon dai, in ka dawo masa da daddare, kana iya biyan kurona 200 zuwa 280, ba kofi ba ganye. Mai son ɗanɗana girkin gida mai tsada ba tare da ya yi wa aljihunsa illa ba, da rana zai je.

Mutanen Suwidin da wuri suke cin rana. Ƙarfe 12 daidai ma'aikatan ofis sun cika ko'ina, layi har waje. Ka isa 11 da kwata ka sami abinci yana tururi da kujera a sake, ko ka jira 1 ta wuce, sai dai a lokacin wasu kwanukan sun ƙare, abin da ya rage a teburin ɗibi-da-kanka kuma ya fara bushewa.

Da rana ba a zama a jira ma'aikaci. Kanta za ka nufa, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. Za a tambaye ka "äta här eller ta med?", a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. Sai a miƙo maka lamba ko wata 'yar na'ura mai ƙara idan abinci ya sauka. Cokali, kofi, ruwa da ganye duk kai za ka ɗebo a teburin gefe, in ka gama kuma ka kai tirenka inda ake ajiyewa. Ruwan famfon Stockholm mai kyau ne, ba dalilin sayen na gora. Akwai abu ɗaya da ya kamata wanda ba ya shan giya ya lura da shi a nan: cikin abin shan da wasu gidajen ke haɗawa da abincin rana akwai lättöl, giya ce mai ƙarancin ƙarfi, barasar cikinta ba ta wuce kashi 2.25 cikin ɗari ba, kuma gefen lemo da ruwan gas ake jera ta.

Inda za ka dosa

Wanda bai san gari ba ya fara da Hötorget, tashar da ke kan koren layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A nan Kungshallen take, da K25 a kan titin Kungsgatan, rumfunan abinci iri-iri a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa ya sayi nasa a haɗu a tebur guda. Ga iyali ko ayarin abokai da bakinsu bai zo ɗaya ba, babu kamar wannan tsari. Södermalm da Vasastan su ne unguwannin ƙananan gidajen ramen (taliyar Japan cikin romo), na Koriya da na Indiya. Mai neman naman halal cikin sauƙi ya hau shuɗin layi zuwa Kista ko Rinkeby, ko jan layi zuwa Skärholmen. A can ne aka fi rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin gilashi, farashi kuma ya fi sauƙi.

Kalmomin da za ka riƙe

Kusan kowane ma'aikaci yana jin Turanci, amma allon abincin rana da yaren Suwidin ake rubuta shi. Fläsk da gris naman alade ne, skinka ma daga jikinsa take. Kyckling kaza, lamm rago, anka agwagwa, lax kifin salmon, räkor jatan lande, stark mai yaji. Biff da nötkött naman sa ne. A kula kada a rikita nötkött da nötter, wanda ke nufin dangin kashu da almon. Ita gyaɗa jordnötter ce.

Romo da miya

Nan ne aikin yake. Mutum ya ga yankan kaza a saman kwano sai hankalinsa ya kwanta, alhali ruwan da kazar ke ciki daga wata tukunya ya fito.

Ramen ya fi kowa wannan. Tonkotsu romon ƙashin alade ne da aka dafa awanni har ya yi fari kamar madara, chashu kuma yankan naman alade ne da ake ɗorawa a sama. Ko wanda aka rubuta shoyu ko miso, sunan abin da aka ɗanɗana romon da shi ne kawai; tushensa yana iya zama kaza zalla, yana iya zama kaza da alade a haɗe. Cewa "a cire mini naman" ba ya gyara komai. Tambayar ita ce da ƙashin me aka dafa romon. In amsar ba ta fito sarai ba, ka nemi wanda aka rubuta vegansk, domin shi ba nama, ba kifi, ba ƙwai.

Gyoza na Japan da sauran ƙullin fulawa masu nama a ciki irin na Sin, in ba a faɗi abin da ke ciki ba, ka ɗauka alade ne, kuma har na jatan lande akan cuɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi. Tsofaffin gidajen abincin Sin na Suwidin suna da wani haɗi da ya daɗe, fyra små rätter, ƙananan kwanuka huɗu: soyayyen jatan lande da miya mai zaƙi da tsami, naman sa da tohon gora, da sauransu, akan kuma rufe da soyayyiyar ayaba da askirim. Sau da yawa ɗaya daga cikin huɗun alade ne, amma in ka nema tun farko za a musanya maka. Masu girkin Sin na asali suna zuba giyar shinkafa ta Shaoxing wajen jiƙa nama da suya, kamar yadda Japanawa ke sa nasu giyar shinkafar, mirin da saké, a miyar teriyaki da yakiniku, wani lokaci har a shinkafar sushi. Wanda wannan ya dame shi sai ya tambaya, don ba a rubutawa.

Phở na Biyetnam da ƙashin sa ake yin romonsa bisa al'ada, shi ya sa ya fi sauƙin sha'ani, amma burodin bánh mì akan shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade ko da kaza ka zaɓa. A girkin Tailan alade ba ya ɓuya sosai, kai kake zaɓar naman. Abin da ke ɓuya shi ne ruwan kifi da niƙaƙƙen jatan lande da ke cikin markaɗen kori, da gyaɗar da ake barbaɗa wa pad thai. Kimchi, tsimin ganyen kabeji na Koriya, shi ma akan yi shi da ruwan kifi ko jatan lande mai gishiri.

Gidajen da ake kira na Indiya, waɗanda da yawansu a Stockholm 'yan asalin Bangaladash ne ke riƙe da su, da wuya ka ga alade a cikinsu. Duk da haka rashin alade daban, yanka daban. Suwidin ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba tun shekarun 1930, saboda haka naman halal da ke ƙasar ko dai an sumar da dabbar kafin a yanka, ko daga waje aka shigo da shi. Akwai gidan da kazarsa halal ce amma ragonsa ba haka ba. Ka tambayi kowane nama da sunansa.

Ga mai borin jini ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, doka tana bayansa. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidan abinci ya iya faɗin ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 a girkinsa, ciki har da gyaɗa, riɗi, waken soya, alkama, ƙwai, madara, kifi da jatan lande. Ka faɗa kafin ka yi oda, kuma ka ce larura ce, don a wanke kasko, tunda a wok ɗaya ake soya kwano bayan kwano. Miyar soya da alkama ake yin ta, miyar korma ta Indiya kuma kashu da kirim ne ƙarfinta. In abu ya ɓaci, lambar gaggawa 112 ce.

Batun yaji kuwa, yawancin gidajen sun rage shi don bakin 'yan ƙasar. Barkono uku da aka zana a gefen suna ba lallai ya motsa wanda ya saba ba. Ka ce a yi maka yadda suke ci da kansu, ko ka nemi man barkono a gefe ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Barkonon Sichuan dabam ne, leɓe yake sa wa ya yi zuu kamar ya mutu na ɗan lokaci, kuma haka ake son sa.

Dare, da biyan kuɗi

Juma'a da Asabar da daddare sai da kama tebur ta intanet ko ta waya, musamman makon da 25 ga wata ta faɗo, ranar da yawancin ma'aikata ke karɓar albashi. Tebur na awa biyu ake ba ka, in ka makara da kwata ana iya ba wani. Kicin da yawa suna rufewa tsakanin 9 da 10 na dare ko da ƙofa a buɗe take. Ka duba ko an rubuta ris ingår, ma'ana shinkafa na cikin kuɗin. Naan, gurasar Indiya, kusan kullum daban ake biya. Ba a shan taba ko a kujerun waje tun Yulin 2019.

Ka riƙe kati. Wurare da yawa sun daina karɓar takardar kuɗi, Swish da za ka ga 'yan gari suna biya da shi a waya kuma sai mai asusun bankin Suwidin. Farashin da ke rubuce shi ne za ka biya, haraji na ciki. Tukuici ba dole ba ne: da rana ba a bayarwa, da daddare wanda ya ji daɗi yakan ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Wasu na'urorin kati sukan fara neman ka rubuta jimillar da za ka biya, totalbelopp, kafin su nemi lambar sirri. Wanda ya yi gaggawa sai ya danna lambar sirrinsa a gurbin kuɗi. Ka karanta allon tukuna, in ba ka ƙara komai ka rubuta adadin da ke kan takarda. In ku da yawa ne, kowa na iya biyan nasa da katinsa, ma'aikaci ba zai ɗaga gira ba.

Mai zuwa a lokacin zafi ya duba shafin gidan kafin ya fita. Jajibirin bikin Midsommar, Juma'ar da ke faɗowa tsakanin 19 da 25 ga Yuni, gari yakan watse, ƙananan gidaje da yawa kuma suna kulle ƙofa na makonni a watan Yuli, wasu su dakatar da abincin rana mai rahusa har Agusta.